Wasiƙar Makaranta ga Iyaye da Masu Riƙo: Alƙawarin 2030 da Yaran da Ke Hannunmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, kakanni, da duk wanda Allah ya ɗora wa riƙon yaro a wannan makaranta, muna gaishe ku da fatan kuna lafiya. Ya iyali, ya kuma haƙuri da tsadar rayuwa. Wasiƙar wannan zango ta fi wadda kuka saba gani tsawo, domin akwai maganar da malamai suka daɗe suna so mu kawo gabanku. Muna roƙon wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai samu dama ba, musamman iyaye mata, don kusan duk abin da ke ciki a hannunsu yake bi.

A watan Satumbar 2015, ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Najeriya, suka amince a birnin New York da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa. Muradu 17 ne, ƙarƙashinsu akwai ƙudurori 169, aka kuma yanka musu wa'adi zuwa shekarar 2030. Su suka gaji Muradun Ƙarni guda 8 da aka yi aiki da su daga 2000 zuwa 2015. Da yawanku kun sha jin sunan a rediyo, wasu kuma sun ga tambarin nan mai launuka a jikin rijiyar burtsatse ko ajin da aka gina. Abin da ya sa muka tsaya a kansu shi ne, jaririn da aka haifa a shekarar da aka yi wannan alƙawari, in an sa shi aji ɗaya yana ɗan shekara 6, to a 2030 zai gama aji uku na ƙaramar sakandare. Wato zai cika shekaru 9 na ilimin tushe, wanda dokar ƙasa ta 2004 ta ce kyauta ne kuma wajibi ne. Waɗannan yara suna cikin azuzuwanmu, muna kiran sunayensu kowace safiya. A jikinsu za a gane ko an cika alƙawarin ko an saɓa.

Tun kafin muradun, an riga an rubuta haƙƙin yaro. Ranar 20 ga Nuwamba 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, Najeriya ta shiga cikinta a 1991. Ƙasashen Afirka sun yi tasu a 1990. A 2003 gwamnatin tarayya ta mayar da abin dokar ƙasa, sai dai ya zama dole kowace jiha ta yi tata kafin ta yi aiki a cikinta, kuma jihohin Arewa sun ɗauki shekaru suna tattaunawa da malaman addini da sarakuna a kai. Mu nan Kano sai a watan Mayun 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Yara.

To mece ce alaƙar waɗannan dokoki da muradun 2030? Haƙƙi bashi ne da yaro ke bin manya tun ranar da aka haife shi: ya rayu, ya ci ya ƙoshi, a yi masa magani, a ilimantar da shi, a kare shi daga cutarwa. Wanda ake bi bashi kuwa, in ba a sa masa ranar biya a gaban shaidu ba, kullum amsarsa ita ce gobe. Muradun sun sa ranar, sun kuma faɗi adadin. Yarjejeniyar 1989 ta ce yaro yana da haƙƙin rayuwa. Muradi na 3 ya ce kafin 2030 kowace ƙasa ta rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 zuwa 25 ko ƙasa da haka cikin kowane 1,000. Da wannan ma'auni ake iya tambayar gwamnati inda ta kwana. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna 132 cikin 1,000 a Najeriya, kuma yankinmu na Arewa maso Yamma ya fi haka muni. Duk wanda ya taɓa raka ƙaramar gawa maƙabarta a lokacin damina ya san abin da wannan adadi yake nufi.

Mun san akwai masu ɗari-ɗari da wannan batu. Wani uba yakan ce, wato yanzu za a koya wa ɗana ya ɗaga mini murya, ya ce yana da 'yanci? Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa. Ita kanta yarjejeniyar ta ce iyaye su ne na farko da nauyin rainon yaro da shiryar da shi ya rataya a wuyansu, aikin hukuma shi ne ta tallafa musu. Ta Afirka kuma ta ware sashe guda, na 31, a kan abin da ya wajaba a kan shi yaron: ya girmama iyayensa da na gaba da shi, ya taimake su in sun buƙata. Kuma tun kafin a yi wata majalisa, addini ya gaya mana cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Sanya wa yaro suna mai kyau, shayar da shi, tarbiyyarsa, yin adalci tsakanin 'ya'ya, kiyaye dukiyar maraya, duk mun taso mun tarar ana karantar da su a zaure da masallaci. Maƙwabtanmu Kirista da 'ya'yansu ke karatu tare da namu, su ma haka littafinsu ya hore su. Akwai wuraren da mutanenmu ke da ja a cikin waɗannan takardu, ba mu ɓoye ba. Amma babu wanda ke ja a kan cewa yaro ya sha ruwa mai tsabta ko ya iya karatu, kuma a kan irin waɗannan muke magana.

Takardar haihuwa

Bari mu fara da abin da ya fi sauƙi, wanda kuma aka fi sakaci da shi. Ƙuduri na 9 a ƙarƙashin muradi na 16 ya ce a yi wa kowane yaro rajistar haihuwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF, asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2021 ya gano kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista. Sauran, a wajen hukuma, kamar ba a haife su ba. Da lissafin yara ake tsara yawan allurar rigakafin da za a kai unguwa, da yawan azuzuwa, da yawan malamai. Yaron da ba ya cikin lissafi ba a tanadar masa komai.

Mu a ofis muna ganin ƙarshen abin. Lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai sai a kawo yaro a ce shekarunsa shida, a kawo wani da ya fi shi tsawo nesa a ce shi ma shida. Daga baya, lokacin rajistar jarrabawar fita ko neman lambar NIN, wadda yanzu ba a rubuta JAMB sai da ita, sai a shiga yawon kotu ana rantsuwar shekaru, sunan da ke wannan takarda ya saɓa da na waccan. Katin da asibiti ke bayarwa ranar haihuwa shaida ce, amma takardar da doka ta sani ita ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma tana da jami'ai a ƙananan hukumomi da cibiyoyin lafiya da dama. Rajistar jariri kyauta ce. Muna roƙon a haɗa ta cikin shirin suna, yadda ake tanadin rago da goro. Wanda ɗansa ya girma ba a yi masa ba, har yanzu ana yi.

Ciki da lafiya

Malamin aji ya fi kowa gane yaron da bai karya ba. Kafin ƙarfe goma ya kifa kai a kan benci, ko ya riƙa kallon ƙofa. Muradi na 2 yana magana a kan yunwa da tamowa, kuma binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 37 cikin 100 na ƙananan yaran Najeriya sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Illar ba a jiki kaɗai take tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma mafi yawanta tana faruwa ne a kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2. Don haka ƙanin ɗalibinmu da ke goye a bayan mahaifiyarsa, karatunsa ya riga ya fara. Nonon uwa zalla na wata 6, sannan kunun da aka haɗa da gyaɗa ko waken soya, da ganye irin su zogale, suna yin aikin da kuɗi mai yawa ba zai gyara ba daga baya.

Ba mu manta halin da ake ciki ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 kwanon hatsi ya fi ƙarfin gidaje da yawa, kuma tun a 2022 hukuma ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, yara ne suka fi yawa a cikinsu. Ba za mu ce ku ba su abin da babu ba. Ɗumamen tuwo, ko koko da ƙosai biyu, ya isa ya riƙe yaro zuwa tashi. Gidan da abin ya gagara gaba ɗaya, a zo a same mu a asirce. Kwamitin iyaye yakan yi abin da zai iya, kuma babu wanda zai ji.

Sai rigakafi. Mu Kanawa mun ga fuskokin abin duka biyu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan saboda zargi, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Da aka dawo aka dage, tare da sarakuna da malamai, a watan Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Sai kuma ga mashaƙo a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma akasarin yaran da ta kama ba su kammala alluransu ba, alhali allurar da ke kare ta tana cikin waɗanda ake yi wa jariri kyauta a sati 6 da 10 da 14. Ta ƙyanda kuma a wata 9, a maimaita a wata 15. A duba katin kowane yaro a gida. Gidan sauro kuma a ɗaura shi. Mun sha ganinsa an kewaye shuka da shi, yara na kwana a fili.

Zuwa makaranta da iya karatu

UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, wasu ƙididdigar ma sun kai miliyan 18 zuwa 20, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Wannan an sha faɗarsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin waɗanda suke zuwa ɗin. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, yara 7 cikin 10 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Shi ya sa muradi na 4 bai tsaya ga shiga aji ba, ya ce ilimi mai inganci wanda za a ga sakamakonsa.

Wannan nauyin namu ne mu malamai kafin kowa, kuma mun ɗauka. Yaro yana iya haddace abin da ke kan allo ya rera shi tare da 'yan aji, ya cika littafi da kwafi mai kyau, amma in ka ware shi ka nuna masa kalma ɗaya sai ya yi shiru. Saboda haka za mu riƙa zama da kowane ɗalibi shi kaɗai mu ji karatunsa, da Hausa da Turanci, sannan mu ware lokaci ga masu rauni gwargwadon inda suka tsaya, ko da ajinsu ya yi gaba. Idan aka ce ɗanku yana cikinsu, kada a ɗauke shi abin kunya, kada kuma a dake shi a kai. Ku kuma a gida, ko minti goma ne bayan magariba, a sa shi ya karanta da ƙarfi. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya cewa, to gaya mini me labarin ya ce. In ya kasa faɗa da bakinsa, bai gane ba, sai a sanar da malaminsa.

'Yan mata kuwa, mun lura tun daga aji biyar ake fara rasa su. Yau talla, gobe raino, ran kasuwa babu su, sannu a hankali sai suna ya ɓace daga rajista. Mun san kuɗin tallar nan da shi ake cefane a wasu gidajen, a wasu kuma shi ake tarawa don kayan ɗaki. Amma iyaye mata sun fi mu sanin irin mutanen da yarinya ke haɗuwa da su a tasha da kangwaye da bakin gareji, balle bayan duhu. Wata kuma abin da ke hana ta zuwa bai wuce al'ada ta zo mata babu audugar mata ba, kunya ta hana ta faɗa. Malamanmu mata a shirye suke su saurari irin wannan. Karatun 'ya mace ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Roƙonmu shi ne a bar kowace yarinya ta gama aƙalla shekarun nan 9, wadda kuma ta nuna ƙwazo a taimaka mata ta wuce.

Yaron da ba a kawo mana ba

Wannan ne ya fi damunmu, kuma dominsa muka sa masu riƙo a kan wasiƙar. Taken muradun 2030 shi ne kada a bar kowa a baya, kuma ginshiƙi na farko a yarjejeniyar 1989 shi ne kada a nuna bambanci tsakanin yaro da yaro. Ƙasa tana iya cewa ta ci gaba a lissafi alhali wasu yaran ko motsi ba su yi ba, domin jimilla tana ɓoye su. Haka ma gida.

Kowace safiya muna ganin wata yarinya ta rako ƙananan yara bakin ƙofa, ta riƙo musu jaka da kwanon abinci, ta miƙa su, ta juya. Tsararsu ce ko ta ɗan girme su. In ka tambaya sai a ce 'yar riƙo ce, ko 'yar aiki da aka kawo daga ƙauye, ko agola. Akwai maraya da ke gidan kawunsa, 'ya'yan gida na zuwa makaranta shi yana tsaron shago. Akwai almajirin gida da ke ɗebo ruwa da wanke-wanke shekara da shekaru, ya san kowane lungu na gidan, amma ba a taɓa tambayarsa ko yana son ya iya rubuta sunansa ba. Akwai kuma yaro mai lalurar ji ko gani ko ƙafa da aka bari a ɗaki, wai don kada a yi masa dariya.

Riƙo al'ada ce mai kyau. Da ita zumunci ya rayu, da ita marayu da yawa suka zama mutane, kuma cikin malamanmu akwai waɗanda a hannun gwaggo ko kaka suka tashi. Amma wanda ya karɓi ɗan wani ya karɓi amana, kuma abin da ya ga ya dace da ɗan cikinsa shi ya dace da wannan. A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa hukuma ta musamman don almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Muna yi mata fatan alheri, sai dai babu jami'in da ya san yawan yaran da ke kwana a gidanku. Ku kuka sani. Duk wanda ke da irin wannan yaro ya kawo shi. Girman shekaru ba zai sa mu mayar da shi ba, rashin kayan makaranta ma haka. Za mu zauna mu ga yadda za a yi. In almajiri ne, a fara neman yardar malaminsa cikin girmamawa, a tsara lokacin da ba zai ci karo da karatun allonsa ba.

Duka, da sauraron yaro

A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da bincike a kan cin zarafin yara, aka gano 6 cikin 10 sun fuskanci wani nau'insa kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun fuskanci lalata, kuma galibi daga wanda suka sani. Kaɗan ne ƙwarai suka faɗa wa wani. Muradi na 16 ya nemi a kawo ƙarshen wannan. Yaron da ya saba duk lokacin da ya buɗe baki sai a ce yi mana shiru, ranar da babban abu ya same shi ma shiru zai yi. In ɗanku ya ce ba ya son a aike shi wajen wane, ko ya canza hali ba dalili, ko ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, a ja shi gefe a tambaye shi cikin lallashi, a kuma gaskata shi har sai an bincika. Rufa asirin mai laifi don gudun abin kunya shi ke ba shi damar komawa kan wani yaron.

A ɓangarenmu, mun gaya wa kowane malami cewa horo ba ya nufin rauni ko wulaƙanci. Iyaye kan kawo yaro su ce, Malam, a zane shi. Mun fahimci zafin zuciyar, amma mun fi so mu zauna mu uku mu gano abin da ke damunsa. Wanda ɗansa ya koma gida da tabo daga makaranta, ya zo ofis kai tsaye.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida da makaranta. Ɗaukar malamai da biyansu, gina azuzuwa da banɗakuna, ruwan sha, magani a asibitin unguwa, duk na hukuma ne. Haka tsaro: bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, babu wanda zai zargi uban da gabansa ke faɗuwa in ɗansa ya fita. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Tunda an faɗa a bainar jama'a, haƙƙinku ne ku tambayi kansila da ɗan majalisarku abin da ya iso unguwarku. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili a 2022, kuma maƙwabciyarmu ce, ba ta fi mu wadata ba.

Za a yi taron iyaye da malamai ranar Asabar ta ƙarshe kafin hutu, da safe, a harabar makaranta. A taho da takardar haihuwar kowane ɗalibi da katin rigakafinsa. Wanda ba shi da su ya zo haka nan, za mu rubuta sunansa mu nuna masa inda zai je. An tanadi wurin zama na mata daban, kuma muna roƙon magidanta su ba su izinin zuwa. Mai yaron da bai shiga makaranta ba, nasa ne ko na riƙo, yana iya ganin shugaban makaranta shi kaɗai bayan an tashi.

Allah ya raya mana su, ya shirya su, ya ba ku ikon sauke nauyinsu.

Wassalam,
Shugaban Makaranta, a madadin dukkan malamai